Jinjina ga Fintan Culhane, Wanda Ya San Launin Akuya

Ƙarfe shida da rabi na kowace safiya, ko ana ruwa ko ba a yi, kuma a Kilmoyra galibi ana yi, Fintan Culhane yakan ɗora butar shayi, ya yanka burodi ya shafa man shanu, ya ci a tsaye. Daga nan sai ya zura rigar sanyi, ya ratsa kunyoyin dankalin bayan gida, ya shiga ɗan ɗakin katako inda teburin aikinsa yake. Kullum akwai ƙaramin jirgin ƙasa na wani kwance a kan teburin, cikinsa a buɗe. Yau na likita, gobe na mahauci, jibi na wata gwauruwa da ta tono na marigayi mijinta daga ƙasan akwati tana so ta ga ya yi tafiya ko sau ɗaya. Ya gyara mata shi. Waɗanda suke wurin sun ce da jirgin ya zagayo karo na biyu, sai ta nemi kujera ta zauna.

Shekararsa tamanin da ɗaya, kuma shekara arba'in da uku ke nan duk Asabar yana ɗaukar akwatin kayan aiki zuwa zauren coci, inda ƙungiyar masu ƙananan jiragen ƙasa take haɗuwa. Ana cewa wasan yara ne. Mai faɗin haka bai taɓa ganin dattawa biyu sun yi wata uku ba sa gaisawa a kan tsawon bututun hayaƙi ba. Ƙarshen watan nan Fintan zai ajiye kayan aikinsa, kuma ƙungiya ta shirya masa shayi da kek. Shayi da kek sun yi masa kaɗan, shi ya sa nake wannan rubutu.

Yana ɗan shekara goma sha shida ya fara aiki a tashar garin, aikin da babu na ƙasa da shi: goge kan jirgi. Tsumma, kananzir, baƙin mai, shi ke nan kayan aikin. Shekara biyar ya yi a kai kafin a daina amfani da jirage masu tururi a mayar da shi gyaran layin dogo. Cikin kawunan jirgin da ya goge akwai wata 'yar ƙarama mai ƙafa shida da take jan taragun shanu ranar kasuwa. Ma'aikata suna kiranta Akuya, don babu tudun da ba ta hawa, sai dai tana yi tana tari.

Shekara biyu da suka wuce labari ya iso cewa wata injiniya mai suna Orla Devane, wadda take da ɗan kamfanin ƙera ƙananan jirage, za ta yi Akuya, tsawon tafin hannu. Ba a taɓa yin ta ba. Masu ƙera irin waɗannan kaya sun fi kula da manyan jiragen ƙasa na ƙasashen ƙetare, namu sai dai mutum ya sayi nasu ya sake masa fenti ya rufe ido ɗaya. Don haka aka yi ta rubuta suna, aka zauna jira. Duk zanen da Orla ta aiko, sai a shimfiɗa shi a tebur a bi shi da madubin ƙara girma. Biyu daga cikin waɗanda suka rubuta suna ba su ga fitowarta ba.

Wata Asabar cikin watan Maris Orla ta kawo samfur da kanta. Ta warware shi daga auduga ta ɗora a kan layi. Akuya ta motsa a hankali, sandunan ƙafafunta suna hawa suna sauka, baƙa wuluk tana ƙyalli. Wani dattijo a baya ya fyace hanci da ƙarfi.

Aka miƙa wa Fintan, don shi ne mai gyara. Ya juya ta, ya ƙirga ƙusoshin gefen tanki, ya leƙa ɗakin direba, ya auna bututu da ɗan ma'auninsa.

"'Yata, hannunki ya iya," ya ce wa Orla. "Har 'yar ƙofar da muke kwashe toka kin sa. Amma wa ya mutu?"

"Na'am, Baba?"

"Na ce wa ya mutu da kika sa mata baƙi? Akuya ruwan toka ce, tun daga bututu har ƙafa."

Shugaban ƙungiya shi ne Malam Gilsenan, tsohon hedimasta, sa'an Fintan. Shi ya rubuta ɗan littafin tarihin tashar da ake sayarwa a gidan waya, kuma a shafi na tara ya ce Akuya baƙa ce. Ya gyara tabarau.

"Haba Fintan. Shekara shida ina tsayawa a kan gada ina kallonta kafin in wuce makaranta. Ina da hotuna ɗari huɗu a gida."

Hotunan nan ɗari huɗu duk marasa launi ne. Yadda hoto marar launi ya zama mai ba da shaida a kan launi, babu wanda ya tambaya ranar, kuma akwai masu digiri uku a zauren.

"Kai kana kan gada, ni ina ƙarƙashinta," in ji Fintan.

"To, tsoho. Kai ɗin da ka zo coci ran Lahadi da silifas ɗin ɗaki?"

Aka kwashe da dariya. Ba mugunta Malam ya nufa ba, sun saba irin wannan tun suna ƙanana. Sai dai maganar gaskiya ce, kuma ba ita kaɗai ba. Cikin damunar nan sau biyu Fintan ya tsaya a shago ya rasa abin da ya je saye, kuma 'yarsa da take birni ta fara buga waya safe da yamma tana tambayarsa ko ya kashe murhu. Bai gaya wa kowa yana jin tsoro ba.

Orla ta bi shi har bakin ƙofa.

"Baba, ba raina ka na yi ba. Ran Juma'a zan aika wa masana'anta magana ta ƙarshe, guda ɗari takwas za su buga. Littafi ya ce baƙa, zaure ya ce baƙa. In na canza a kan maganar mutum ɗaya, sai in samu abin da zan nuna."

Kwana uku Fintan yana zama a teburinsa bai taɓa komai ba. In ya rufe ido yakan ga ruwan toka. Sai kuma ya ga hannuwansa na wancan lokaci, baƙi ƙirin har gwiwar hannu, ya ga gefen tanki shi ma baƙi, ya rasa wanne ne ya gani da ido, wanne ne tsufa ya ƙago masa. Launin abin wasa ƙaramin abu ne a wurinsa. Abin da yake so ya sani shi ne ko har yanzu in ya ce na gani, ya gani ɗin.

Ran Laraba ya tuna cewa lokacin da aka yayyanka Akuya aka sayar, gidan Hession sun sayi tankin ruwan da take ja a bayanta don shayar da shanu. Yana cikin waɗanda suka ɗaura masa sarƙa. Shekara sittin ke nan tankin yana shan ruwan sama.

Da ya so, da ya lallaɓa shi kaɗai ya duba, in ya tarar da baƙi ya dawo ya yi shiru, babu wanda zai sani. A nan ne nake cire maka hula, Fintan. Kai ne ka ɗauki waya ka kira Orla, sannan ka kira mutumin da ya sa aka yi maka dariya, ka ce masa, "Gobe da safe, gonar Hession. Ka zo da idon nan naka na kan gada." Ka kira shaidu a kan abin da kai kanka ba ka da tabbacinsa.

Nuala Hession, mai gonar yanzu, ta kai su bayan garke. Tankin yana nan ya nutse cikin taɓo, tsatsa ta cinye shi, gansakuka ta rufe rabi.

"Ashe ja ce," in ji Malam Gilsenan. "Duk mun faɗi jarrabawa."

Fintan bai ko kalli gefen tankin ba. Ya zagaya baya, inda ƙarfen sama ya lanƙwaso ya yi baki, ya zura hannu ƙarƙashi yana lalube.

"Nan ne muke tsallakewa in shugaban aiki ba ya kallo," ya ce. "Hannu ba ya shiga sai ka durƙusa. Shekara da shekaru maiƙo yana taruwa, ba mai taɓa shi. In fenti ya tsira, ƙarƙashin lalacinmu ya tsira."

Nuala ta shimfiɗa masa buhu, ya durƙusa da ƙyar. Ya jiƙa tsumma da kananzir ya fara murzawa, kewaye-kewaye, a hankali. Orla ta miƙo masa 'yar wuƙa.

"A'a, 'yata. Wuƙa da shaidar za ta tafi."

Tsumma na farko ya yi baƙi, ya jefar. Na biyu ma haka. Shanu suka matso suna kallo. Malam ya buɗe baki zai yi wata tsokana, ya ga yadda wuyan Fintan ya yi gumi cikin sanyin nan, ya rufe. A tsumma na biyar Fintan ya tsaya. Ya ce wa Orla ta haska fitilar wayarta. A ƙarƙashin bakin ƙarfen, wuri kamar faɗin biskit, fenti ne sumul, ruwan toka irin na bayan tattabara.

Ya daɗe a durƙushe yana kallonsa. Nuala ce ta kama shi ya miƙe.

Malam Gilsenan ya leƙa, ya cire tabarau, ya mayar, ya sake leƙawa.

"Amma na gan ta baƙa, Fintan. Da idona na gan ta."

"Ka gan ta, ɗan'uwa, ba ƙarya ka yi ba. A shekarun ƙarshe mu biyu ne ke goge kawunan jirgi tara. Kuma man da ke jikin tsumman ma duhu yake ƙara mata. Abin da kake hangowa daga gada, aikina ne da ban gama ba."

Na san mutane da yawa da suka yi gaskiya a gardama, kaɗan ne cikinsu suka iya riƙe ta ba su mari kowa da ita ba. Da wani ne, da har yau ana jin zancen silifas da shafi na tara a kowace mashaya. Fintan kuwa a wurin ya raba gaskiyar biyu, ya miƙa wa abokinsa rabi, ya ɗauki rabin da ya fi nauyi.

Orla ta jera katunan launi kusa da wurin, ta zaɓi wanda ya dace, ta aika kafin Juma'a. Bayan wata takwas Akuya ta fito. Na riƙe ta a hannuna, kuma ga abin da na gani: gilashin ɗakin direba ya ɗan yi kauri, kwal ɗin da aka tara a saman tankin ya yi sheƙi kamar alewa, amma tana tafiya a hankali ba ta sarƙewa, tana hawa tudun layin zauren da taragu goma sha biyu, kuma ruwan toka ce tun daga bututu har ƙafa. Har yanzu akwai masu cewa ta yi haske da yawa. A bar su, su ma daga gada suka gani.

Makon da ta iso, Malam Gilsenan ya ratsa kunyoyin dankali da kwalin tasa Akuyar a hammata, ya ajiye a teburin Fintan.

"Na gyara shafi na tara," ya ce. "Na yarda ruwan toka ce. Amma wannan ba tawa ba ce, ban san ta ba. Ka ɓata min ita."

"Kai, Malam! Shekara biyar ina goge ta, yanzu in zauna in shafa mata datti?"

"Ai kai ka san inda yake zama."

Ya sani kuwa. Ya kankaro kunkunniya daga bututun murhunsa, ya kwaɓa da ɗigon mai, ya ɗauki buroshi mafi siriri. Kwana uku ya yi. Ya sa baƙi ya kwanta a sama inda hayaƙi yake sauka, ya zubo da shi ta gefen tanki inda ruwa yake malala, ya bar ɗan ruwan tokar yana leƙowa wurin da hannun direba yake gogawa in zai hau. Da Malam ya zo karɓa, ya ɗora ta a ƙasa, ya tsaya a kanta yana kallo daga sama, har shayinsa ya huce. Wannan shi ne babban aikin Fintan na ƙarshe a teburin.

Mun gode, Fintan Culhane, mai tsumman tashar Kilmoyra. Kai ne ka gyara abin da mutane suke jin kunyar cewa suna ƙauna, ba ka taɓa yi musu dariya ba. Kai ne ka yi shakkar kanka a gaban jama'a, ka durƙusa cikin taɓo ka bincika. Allah ya ƙara lafiya, ya bar maka hankalinka garau.

Mu kuma da muka yi karatu muka iya rubuta littafi, a kowane gari akwai wanda ya riƙe tsumma a wurin da muka kalla daga nesa. Yawancinsu sun haura tamanin. Mu je mu tambaye su tun suna iya durƙusawa.