Kujerar Mahfuza a Jirgin Ɗantani

Duk Bahaushen da ya zo Dubai saro kaya, in dai ya kwana biyu a Al Buteen, da wuya bai ji sunan Ɗantani mai jirgi ba. Ba wani attajiri ba ne. Mutumin Wudil ne, ɗan masunta, ya zo ƙasar nan tun gashinsa yana baƙi wuluk, ya kama aikin ɗaure kaya a wani siton 'yan kago, masu aika kaya gida, a Al Warsan. Yau furfura ta cinye masa gemu, shi ne babba a siton, amma har gobe in ana lodin kwantena sai ya sa hannu.

Abin da ya fito da sunansa wani tsohon kwale-kwale ne mai inji, da ya saya a hannun wani Ba'iraniye mai shirin komawa gida. Ɗan kogi ne, hankalinsa ba ya kwanciya in bai shaƙi ƙarnin ruwa ba. Ya yi wa jirgin fenti, ya sa aka rubuta Mahfuza a gefensa, sunan matarsa ke nan. Ranar da ya kawo shi ya yi mata alkawarin kujerar gaba. Ita kuwa don murna ta je ta sayo rigar kariyar nan da ake sawa a ruwa, mai ruwan goro, ta ɗora a saman sif a gidansu na Abu Hail.

To, Ɗantani yana da ciwo guda, bakinsa bai iya cewa a'a ba. Ranar hutu Mahfuza za ta tashi da wuri, ta dafa shayi ta cika filas, ta ɗaura mayafi. Suna shirin fita waya za ta yi ƙara. Alhaji wane ya sauka daga Kantin Kwari, bai taɓa shiga teku ba. Alhajin kuma ba ya zuwa shi kaɗai, zai taho da ƙaninsa, ƙanin ya jawo abokinsa. Mutum shida kawai aka yarda jirgin ya ɗauka, masu tsaron ruwa kuwa ba su san alfarma ba. Sai Ɗantani ya sosa ƙeya ya ce, "Uwargida, haƙuri za ki yi, baƙonka annabinka. Mako mai zuwa insha Allahu."

Ita sai ta miƙa masa filas ɗin. Haka mako ya bi mako, har 'ya'yansu suka girma suka koma Kano karatu. Tun tana ɗaura mayafi har ta daina, shayin kawai take dafawa. Matan unguwa in sun zo kitso sukan ce mijin nan naki inuwar giginya ne, na nesa ka sha, ta yi dariya tare da su, amma abin yana cinta a rai.

Ana nan wata Lahadi injin ya yi tari a tsakiyar ruwa, ya yi shiru, da alhazai biyar a ciki. Sai da wasu masunta suka jawo su da igiya zuwa gaɓar Mamzar. Bakanike, wani tsohon Ba'indiye, ya buɗe injin ya girgiza kai. Ya ce jikin jirgin da sauransa, amma inji ya gama. Ko dai a ɗora sabo, a gyara daɓen da ya fara laushi, ko a rabu da shi a nemi wani.

Nan fa shawara ta yi wa Ɗantani yawa. Zuciyarsa tana kan tsohon, don ya san kukansa, ya san inda yake karkata in igiyar ruwa ta taso, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Alhaji Labaran kuwa, wani ɗan kasuwar atamfa da ya fi kowa shan iska a jirgin, cewa ya yi, "Haba Ɗantani! Khalas, wannan ya ci lokacinsa. Ka sayi babba mai cin mutum goma sha biyu, da rumfa, mu wala. Ai ka wuce wannan kwarkwaron."

Da yamma Ɗantani ya kawo maganar gida. Mahfuza tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce, "Maigida, in ka sa sabon inji, baƙinka za su yi gudu. In ka sayi babba, su miƙe ƙafa. Ni mene ne nawa a ciki?"

Ya ce, "Ai don ke nake tunanin babban. Kujera goma sha biyu, ta yaya za ki rasa ɗaya?"

Ta ce, "Ka taɓa ganin motar Kano zuwa Wudil ta tashi da sauran wuri don tana da girma?"

Ya yi dariya, ya ɗauka ba'a ce irin tata.

Bayan 'yan kwanaki Mahfuza ta ba shi jakar kaya ya sa mata a kwantenar da za ta tafi gida, tsarabar 'yan uwa. Aikinsa ne buɗe kowace jaka kafin a ɗaure. A ƙarƙashin dogayen riguna da turaren wuta ya ci karo da rigar nan mai ruwan goro. Ledarta ta dafe don daɗewa, ko ɓare ta ba a taɓa yi ba. Ya kira ta a waya ya tambaya. Ta ce ƙaninta za ta aika wa, tunda shi yana shiga kogi kullum, gara ta yi amfani. Ba faɗa, ba gori, haka ta faɗa kamar mai ba da labarin cefane. Ɗantani ya zauna a kan katan, rigar a cinyarsa, kunya da baƙin ciki suka rufe shi. Da ta yi masa masifa ma da ya fi masa sauƙi. Ya gane matar nan ta fid da rai ke nan.

Bai sa rigar a kwantena ba. Ya ɓoye ta a but ɗin mota, ya shiga yawon dillalan jirage har Sharja. Duk inda ya je babba ake nuna masa, shi kuwa yana wucewa ƙarshen fili inda ake jingine ƙanana. Tsohon jirgin ya sayar wa bakaniken nan. Kafin ya miƙa shi ya ɗauki fenti ya shafe sunan da hannunsa, ranar ko abincin rana bai iya ci ba, don sabo ba wasa ba ne.

Wanda ya saya ɗan mitsitsi ne, mai ƙaramin inji, mazaunin mutum biyu cif. Ba ya zuwa nesa, iyakarsa ruwan da ke kwance kusa da gaɓa. Dabararsa ita ce, tunda bakinsa bai iya hana baƙo ba, jirgin ya hana a madadinsa.

Ranar hutu da safe ya miƙa wa Mahfuza rigar ya ce, "Yalla, ɗauko mayafinki." Ta dube shi, ta dubi rigar, ta shiga ɗaki ta shirya.

Amma labari ya riga su bakin ruwa. Suna sauke jirgin sai ga Alhaji Labaran da wani dattijo cikin farar shadda. Labaran ya zagaya jirgin ya riƙe haɓa. "Wannan kuma bahon wanka ne ko me? To shi ke nan, habibi. Ga surukina, jiya ya sauka, gobe zai wuce Umara. Kai shi ya ga ruwa. Hajiya ai ta gida ce, ta yi mana haƙuri yau."

Ashe jirgi ba ya magana. Hannun Ɗantani ya tafi ƙeya kamar yadda ya saba. Ya waiwaya, sai ya ga Mahfuza har ta fara kwance igiyar rigar, ɗaya hannun kuma tana miƙo filas. Sai ya durƙusa ya gaida dattijon da kyau, ya yi masa ban gajiya, sa'an nan ya ce, "Baba, a gafarce ni. Kujerar nan tana da mai ita."

Labaran ya saki baki. Dattijon ya ce ba komai, Allah ya kiyaye hanya. Ɗantani ya ɗaure wa matarsa igiyar rigar da kansa, ya riƙe jirgin ta shiga, ya tada inji.

Ta ƙanƙame gefen jirgin tana salati har suka yi nisa da gaɓa. Da ruwa ya lafa ya kashe injin, suka zauna, tana kallon benayen garin da ta yi rabin rayuwarta a ciki ba ta taɓa ganinsa daga nan ba. Ta goge ido da bakin mayafi, ta buɗe filas ta zuba kofi biyu. Ta kurɓa, ta yamutsa fuska.

Ta ce, "Maigida, ashe a ruwa shayin nan sanyi yake yi haka da wuri? Duk shekarun nan ba wanda ya gaya mini."

Ya ce, "Sha a hankali, Uwargida. Ba mai jiran kofin."