Ƙwaryar da Muka Bari a Gindin Rijiya

Ban taɓa mantawa da ranar da na sa aka cike rijiyar da muka kusa gamawa a wani ƙauye kusa da Tarka ba. Mutanen ƙauyen ma ba su manta ba, don har na bar wajen Mamman Mai Tsoron Yashi suke kirana.

A cikin shekarun alif ɗari tara da ashirin ne, lokacin kumandan, wato Baturen mulki na Tanut, ya sa ana haƙa rijiyoyi a hanyar matafiya da makiyaya. Ku mahaƙan yanzu da kuka tashi da siminti ba za ku san wahalar ba. Ruwan ƙasarmu ta Damargu yana da nisa, sai an haƙa gaba da yawa kafin a ji danshi. Muna haƙa muna tokare bango da jeren itace, muna cusa ciyawa a bayansa don ta riƙe yashi. Injiniyan Nasara ya bar mana ƙa'ida: kaurin itace kaza, tazara kaza. Ƙa'idar mai kyau ce, ban taɓa raina ta ba.

Maigidana a sana'a shi ne Baba Isaka. Na daɗe ina haƙa a ƙarƙashinsa, amma wannan ce rijiya ta farko da ya damƙa mini. Ƙafa ta hana shi sauka, sai dai ya zauna a inuwa yana taunar goro yana kallo. Abu ɗaya ya koya mana wanda babu shi a ƙa'idar Nasara: in an tashi aiki, a bar ƙwarya wayam a gindin rijiya. Da safe a duba. In yashi ya taru a ciki, bango yana motsi ke nan.

Rani ya yi tsanani, matan ƙauyen suna yin wuni a hanyar ɗebo ruwa. Mu kuwa mun taɓa ƙasa mai sanyi, labari ya bazu, har an fara wanke tuluna. Da safiyar nan na sauka da kaina na ɗauko ƙwarya. Ba ta cika ba, ba ta kuma zama wayam ba. Ɗan yashi ne da bai fi tafin hannu ba, amma fari ne tas, alhali ƙasar gindin ja ce. Farin yashi mun baro shi can sama, a bayan itacen da muka jera. Ina hawowa na bi jeren ɗaya bayan ɗaya, ban ga wanda ya karye ko ya kauce wa ƙa'ida ba.

Na kai wa Baba Isaka ƙwaryar. Ya murza yashin a yatsa, ya miƙo mini abata.

Na ce, "Baba, me ka gani?"

Ya ce, "Ni ban sauka ba. Kai ka sauka."

"To a ci gaba ko a tsaya?"

"Mamman, in ƙwarya ta cika, ko jaki ya san gudu. In wayam ce, ko jaki ya san aiki. Don wannan ɗan tafin aka ba ka rijiya."

Haushinsa ya kama ni ƙwarai, don na so ya ɗauke mini nauyin. Ga Ila, ƙanin matata, wanda ranar shi ke da sauka, ya riga ya ɗaura igiya a ƙugu yana jirana. Na dube shi, na tuna yadda ciyawar bayan itacen ta yi sako-sako a wajen farin yashin, kamar akwai rami a bayanta. Na ce ya kwance igiya, ba mai sauka.

Maigari ya zo da dattawa. Ya ce, "Malam Mamman, ruwa ya zo bakin ƙofa ka ce a rufe? Wane itace ne ya karye? Nuna mana."

Na ce, "Ranka ya daɗe, babu wanda ya karye. Amma ba zan sa mutum a ƙarƙashinsa ba."

Gardi, wato ɗan sandan kumandan da ke tsaron aikin, ya ce zai kai ƙarata Tanut, kuma in kumandan ya ji an bi ƙa'ida amma na tsayar da aiki, kashina ya bushe. Na ce ya kai. Sai na ji samarin ƙauyen suna shawarar su sauka da kansu in mun tafi. Nan na yanke abin da ya fi zafi: na sa muka zare itacen sama da za mu iya ceta, muka tura ƙasa muka cike ramin. Wata tsohuwa ta tsaya da tulunta tana kallona. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

An kira ni Tanut, na sha faɗa ta bakin tafinta, aka mayar da ni mahaƙi na tsawon shekara guda. Sabuwar rijiyar da aka fara can gefen kwari ba ta ba da ruwa ba sai rani na gaba. Duk wannan wahalar matan nan suka sha ta, kuma ni ne sanadi.

Bayan ƙura ta lafa na tambayi Baba Isaka ko da rijiyar za ta rufta. Ya ce bai sani ba, ni ma ba zan taɓa sani ba, tunda da hannuna na binne amsar. Sannan ya ce, "Wanda ya jira hujja a rijiya, gawa ce hujjarsa."

Abin da nake so ku riƙe ke nan. Ku koyi ƙa'ida har ta zauna a hannunku, amma wata rana za ta kawo ku wani waje ta tsaya, kowa ya zuba muku ido, kuma ba wanda zai gode muku. Ila ya tsufa, haƙoransa sun zube, kuma har yau in mun haɗu a kasuwar Belbeji cewa yake da na bar shi ya sauka da ranar ya taɓo ruwa. Nakan bar shi ya faɗa son ransa. Tunda yana da bakin faɗa, ni na samu abin da nake nema.