Kwando Hamsin na Malam Ƙasimu

A Kibiya idan aka ambaci Malam Ƙasimu mai lissafi, wani tsaki zai yi, wani ya ce Allah ya jiƙansa, kuma duk cikinsu babu wanda ya yi ƙarya. Ubansa malamin rabon gado ne, a gabansa ya koyi hisabi yana zana lambobi a ƙasa da tsinke. Da Turawa suka buɗe makaranta a birnin Kano, sai aka tura shi can. Ya koyi awon ƙasa da sarƙa, ya koyi yadda mutum ɗaya zai ɗaga dutsen da ya gagari mutum biyar in ya san inda zai sa sanda, har shi ma ya zama mai koyarwa. Dogo ne siriri, mai gajeriyar gaisuwa, da agogo a aljihu wanda yake dubawa ko ana ta'aziyya.

Babu abin da ya tsana kamar hutun damina. Ɗalibansa su koma gida, iyaye su miƙa musu fartanya, in an dawo sai ya tarar da rabin aji babu kowa. Don haka kowace shekara shi ne yawo ƙofa-ƙofa yana nema musu aikin hutu, wurin magina, wurin masu awon gyaɗa, wurin duk wanda zai saurare shi. Wasu su yi masa dariya a gaban idonsa, wasu su ce ya dawo jibi, jibin da ba ta zuwa. Ya haɗiye duk wannan, shi da ba ya roƙon ko allura don kansa.

A shekarar da ake zance, Ramalan ne ya hana shi sukuni. Saurayi ne ɗan shekara ashirin, kuma Malam bai taɓa koyar da mai kaifin kai irinsa ba. Uban Ramalan, Mato, manomi ne a Kibiya, tare suka yi wasan ƙasa da Malam, saboda haka ba ya ɓoye masa magana.

"Ƙasimu, shekara huɗu ke nan na ba ka aron yaron nan," in ji Mato. "Ni ban ga abin da ƙidayarku ta tsinana ba. In bana ma babu mai nemansa da aiki, to gona tana nemansa. Ba zai koma ba."

Malam ya bi ta Fassi, ya bi ta Kahu, bai samo komai ba sai ƙaya a ƙafa. A Rano ne ya ji cewa ruwa ya yanke hanyar mota, ya bar kwazazzabo, an kuma tara talakawa aikin tilas su cike shi da marmara. Wani wakili ne ke tsaye a kan aikin, mai ƙaton rawani da bulala a hammata, wanda in ƙidaya ta wuce yatsunsa sai ya fara zufa. Bature ya tambaye shi kwana nawa aikin zai ci, ya rasa ta cewa. Malam ya je ya durƙusa a gaban wakilin, ya ce, "Ranka ya daɗe, ina da wanda zai fitar maka da amsa kafin azahar."

Washegari da hantsi, gari da sanyin ruwan da aka kwana ana yi, malami da ɗalibi suka auna tsawon ramin da faɗinsa da zurfinsa. Saura a san kwando nawa mutum ke kaiwa a yini. Wakili ya nuna musu Baballe, wani ƙato ɗan dambe, ya ce a gwada da shi. Baballe ya ga manya sun zuba masa ido, ga agogo an fitar dominsa, sai ya dinga sassarfa kamar ana buga masa kalangu. Cikin awa guda ya kai kwando biyar. Ramalan ya ninka da awa goma, ya miƙe tsaye kamar yadda aka koya masa a aji, ya ce, "Hamsin." Malam ya duba allon, ya ce daidai ne, har da murmushi.

Kaico! Mutum mai ilimi haka, wanda ya tashi cikin manoma, a ce bai tuna cewa rana tana take tsaka ba, wuya yana sagewa, ciki yana kuka, kuma ba kowa ne Baballe ba. Abin da ke gabansa kawai shi ne a ga ɗalibinsa ya iya. Aka kuwa gani. Wakili ya ba Ramalan riga da tabarma a inuwa, ya rubuta hamsin ya aika wa Bature, aka sa hannu. Daga ranar doka ta fita: wanda bai cika kwando hamsin ba, ba a lissafa masa yinin, sai ya sake.

Da zagaye ya zo kan mutanen Kibiya, Mato yana cikinsu. Ranar farko ya kai ashirin da takwas. Rana ta biyu ya kai talatin, ya sha bulala a kan sauran. Kwana bakwai da aka ɗora masa suka zama goma sha biyar, ciyawa kuwa tana can tana shaƙe masa gero. Kuma wanda ke zaune a inuwa yana ja wa kowa layi a allo in ya juye kwando, ɗansa ne na cikinsa.

Da labari ya kai wa Malam, ko takalmi bai tsaya nema ba. Ya isa gaban wakili yana huci.

"Ranka ya daɗe, lissafin nan da kuskure. Ni na yi shi, ni zan gyara. Talatin ne, ko ma ƙasa."

"Malam, kai da bakinka ka ce daidai ne," wakili ya ce yana ɓare goro. "Bature ya sa hannu. So kake in koma in ce masa ƙarya na kai? Tashi ka ba ni wuri."

Malam ya tashi. Haushin wakili yake ji, amma haushin kansa ya fi. Ya nufi inuwar da Ramalan ke zama, sai ya ga tabarma da allo da riga a ninke, babu mai su. Can ya hango shi yana haurowa daga ramin marmara, kwando a ka, jar ƙasa ta rine shi har gira. Mato yana zaune a gefen hanya, bayansa duk shatar bulala. Ko kallon Malam bai yi ba.

"Ramalan, ajiye wannan," Malam ya ce. "Saura kwana tara a koma makaranta. Zan yi magana da babanka."

Ramalan ya juye kwandon, ya rusuna ya gaishe shi yadda ya saba.

"Ba Baba ne ya hana ni ba, Malam. Ni ne ba zan koma ba. Jiya na karɓi kwandon Baba tun da asuba, ban zauna ba sai don salla, ga ƙuruciya ga ƙarfi. Arba'in da ɗaya na kai."

Ya ɗauki kwandonsa ya koma ramin. Ranar komawa Kano, Malam Ƙasimu shi kaɗai ya kama hanya.