Injina Uku Na Malam Dalhatu

Malam Dalhatu ya zo Kano daga Ringim da buhu ɗaya da haƙora talatin da biyu. Shekara ashirin da shida ya yi a wata masaƙa a Sharaɗa, ta cinye masa kunnen hagu da rabin haƙoran, sannan ta rufe ƙofa ba ko sallama. Maƙwabcina ne a Panshekara. In za ka yi masa magana sai ka zagaya ta dama, in ba haka ba da bango kake hira.

'Yarsa Badi'a, mai aiki a shagon kwamfuta, ita ta shigo gidan da kalmar Turancin nan, girant. Wata ƙungiya ce za ta ba tsofaffin ma'aikatan masaƙa kuɗi su sayi ƙananan injinan saƙa suwaitar 'yan makaranta.

"Bashi ke nan?" in ji Dalhatu.

"A'a Baba, ba a biya."

"To sadaka ce."

"Mai sadaka ba ya dawowa duba abin da aka yi da ita. Wannan kuɗin aikin da kuka faɗa da bakinku ne, kuma za su zo su gani da idonsu."

Na ce wato kyauta ce mai bin sawu. Muka yi dariya har da shi.

Sharaɗin ɗaya ne: mutum goma da suka yi aiki a sashe guda. Dalhatu ya taka Zawaciki, ya taka Challawa, ya yi waya har Maraɗi. Bakwai ya haɗa, da shi a ciki. Garba da Uba da Salisu kuwa, da kafaɗarsa ya kai su makwanci. Amma da yake shi ne shugaban sashen, tsofaffin katunan aikinsu na wurinsa a cikin gwangwani. Ranar da wa'adin miƙa sunaye zai cika ya rubuta sunayensu, ya dangwala wa Garba da babban yatsan hagu, Uba da manuniya, Salisu da ɗan ƙarami.

Injina goma suka iso rumfar da aka kama. Bakwai suna ƙara, uku shiru. Daga nan Dalhatu ya canza. Kullum da safe sai ya goge ukun nan, ya sa musu mai. Bai yarda kowa ya zauna a kujerunsu ba. Wata rana na tarar da shi ya juya musu kunnen da ya mutu, ya yi kasaƙe. Na ce, "Malam, labarai ake yi?" Ya ce, "Garba ba ya son zare ja." Ban ƙara tsokanarsa ba.

Sai saƙo ya zo cewa jami'ar ƙungiyar, Hajiya Atika, za ta zo ranar Alhamis ta ɗauki hoton kowa a bakin injinsa. In ta gano, ana tsoron ta kwashe duka goman, magidanta bakwai su koma zaman benci. Shawarar da aka yanke, kuma ni na kawo ta, Allah Ya yafe mini, ita ce a ɗauko dattawa uku daga teburin mai shayi su amsa sunayen.

Alhamis da hantsi Hajiya ta buɗe takarda tana kira kamar a aji. Bakwai suka amsa.

"Garba Abdullahi."

Dattijon haya ya gyara hula, ya buɗe baki. Dalhatu ya dafa kafaɗarsa.

"Hajiya, Garba ya rasu shekara tara ke nan. Uba da Salisu ma haka. Yatsuna ne a takardar."

"Malam, kun san abin da kuka jawo?"

"Na sani. Na iya rubuta sunansa, amma ba zan iya jin wani ya amsa ba."

Ta daɗe tana kallon takardar. Ba ta kwashe duka ba. Ta soke kashi na biyu na girant ɗin, wanda da shi za a sayi zare, ta sa aka kwance injina ukun aka loda a mota. Biyu daga cikin abokan aikinsa har yau ba sa gaishe shi.

Rumfar na nan, ana saƙa in an samu zare. A siminti akwai ramukan noti inda injinan suka tsaya, huɗu-huɗu, wuri uku. Kowa takawa yake ya wuce. Dalhatu kuwa sai ya zagaya, ko da ɗauke yake da kaya.