Mai Ƙirga Hayaƙi da Mai Leƙa Tukunya

Kakata Delu ba ta yin tatsuniya sai an idar da sallar lisha an kawar da ƙore. A ƙauyenmu, gabas da Filinge, itace wuya gare shi, sai kara muke turawa a wuta da busasshen kashin shanu. Kara ba ya jimawa. In ya cinye, Kaka ta tsuke baki, ba za ta ƙara kalma ba sai wani cikinmu ya tashi ya ƙaro. Tana zaune kan turmin da ta kwantar, zane ɗaya a kafaɗa, mu jikoki mun kewaye ta ƙafafu a miƙe.

Shekarar da nake faɗi, hatsi ya fara fidda kai ruwa ya ɗauke. Babana ya tafi cin rani, ba aike ba labari. Anza, 'ya'yan wani itacen daji, muke jiƙawa har ɗacinta ya ragu mu ci. Wani maraicen akwai abin dafawa, wani babu, amma wuta kullum sai an hura, a ɗora tukunya. Ran nan na leƙa na ga ruwa ne zalla.

"Kaka, mi za a dahwa?"

"Ruhe bakinki, 'yar nema. So kike maƙwabta su ga gidanmu babu hayaƙi?"

Da ta ga na ɓata rai, sai ta gyara zama ta ce, "Ga wata nan tsaye bakin ƙohwa." Muka ce ta shigo.

Wata tsohuwa ce mai rumbuna, tana fataucin hatsi da jakai. Ido ya yi rauni, ƙafa ta ƙi. Tana da 'yan aike biyu, shaho da kyanwa. Shaho yakan tashi sama ya ƙirga gidajen da hayaƙi ke fita. Kyanwa takan bi ƙarƙashin darni ta kwanta gindin murhu, ta ji abin da mata ke faɗa wa junansu.

Aka yi shekarar yunwa. Tsohuwa ta tambaya ina za a kai hatsi. Shaho ya riga dawowa, ya ce garin tudu kowane gida na hayaƙi, a ƙoshe suke, kada a wahal da jakai. Aka kai wani wuri. Sai daga baya kyanwa ta iso da ƙafafu a kumbure, ta ce ta leƙa tukwanen garin tudu, ruwa ne kawai ke tafasa, kunya ce ta hana su kashe wuta. Kafin jakai su juya su kai, an riga an binne yara. Tsohuwa ta ɗauki taɓarya ta jefi shaho, ta ce kada ta sake ganinsa.

Da shekara ta zagayo, saura kyanwa kaɗai. Ita kuwa kyanwa inda ake shafa ta take zuwa. Gidajen da ta saba da su, kowane hawaye nasu sai ta kawo, tsohuwa ta yi ta aika musu hatsi. A bayan dutse akwai wata 'yar tunga da ƙafar kyanwa ba ta kaiwa. Can hayaƙin ma ya mutu gaba ɗaya, kuma babu wanda ke sama da zai gani. Ranar da jakai suka bi ta wurin, ƙofofi a buɗe, turame a kife, ba kowa.

"Kaka, ina sunka tahi?"

"Ban sani ba. Tsohuwar ma ba ta sani ba."

"To shahon ya komo?"

"Ke in an jehe ki da taɓarya, komowa kike?" Ta tura toka da ƙafa. "Ta ƙare nan. Kowa shi kwanta da abin da yaj ji."

Sauran yara suka yi barci. Ni na kwanta ina tunanin ko tungar nan mu ne.

Na girma, na yi aure, na binne miji da ɗiya biyu. Ban shiga lakwal ba, ban yi boko ba. Yau ni ce shugabar ƙungiyar mata a Filinge, muna yin garin kunun yaye da hatsi da wake da gujiya. Masu furojen agaji da suka ba mu injin niƙa sun kwashe kayansu sun koma Yamai. A da su ke sayen garin su raba wa mutane. Yanzu in ba mu sayar da hannunmu ba, inji ya tsaya, matan ƙungiya su koma gida hannu wofi. Yawancinsu kamar ni suke, babu namiji a gida.

Na ɗauki mutum biyu don talla. Balkisa yarinya ce mai karatu, duk ledar da ta fita sai ta sa a waya, wace kasuwa, wane mako. Ramatu sa'ar ƙanwata ce, tana jin Zabarmanci da ɗan yaren Buzaye, in ta shimfiɗa tabarma a kasuwa mata har sirrin ɗakinsu suke gaya mata. Tun farko jininsu bai haɗu ba.

Bana kaka ba ta yi kyau ba, ciniki ya ja baya. Matan ƙungiya suka ce abin da ke shigowa ba zai ɗauki 'yan talla biyu ba, in zaɓi ɗaya kafin taro. Na kira su ɗakin inji.

Balkisa ta miƙo mini waya kamar zan iya karantawa. "Inna, kasuwar Bonkuku ta mutu. Kowane mako ƙasa takai. Kuɗin mota kawai muke ƙonewa. Kuma matan can da bakinsu sunka ce yara ba su son garin."

Ramatu ta yi tsaki. "Wace uwa za ta tsaya tsakiyar kasuwa ta ce miki ba ta da kuɗi? Sai ta ce yaro bai so. Na ga mace ta ɗauki leda ta shinshina, ta aje, ta komo ta sake ɗauka. Ledarmu ta yi girma, Yaya. A ƙulla ƙanana, na kwana guda."

"Ƙanana? Kin san abin da leda ke ci? Ke dai in mutum ya yi miki kuka sai ki ba shi kyauta."

"Ke kuwa in ba a cikin wayarki mutum yam mutu ba, bai mutu ba."

Balkisa ta juyo wurina. "To tunda ta san kowa, ta hwaɗa miki mai shagon hanyar Abala, yaushe rabon shi aiko a kai mishi?"

Ramatu ba ta sani ba. Ba ta zuwa can, don babu ƙawayenta a can. Ni ma ban lura ba. Mutumin nan shi ke ɗaukar mana gari yana sayar wa matan tungayen arewa, kuma tun kafin girbi bai kira ba. Ko hanya ce ta ɓaci, ko mutanen sun tashi, ko yaran ne babu, ba wanda ya sani cikinmu. Muryar Kaka na ji, na ga turamen nan a kife.

Ina yarinya na ɗauka shaho ne mugun labarin, don shi aka jefa. Sai da na zauna tsakanin matan nan biyu na gane kuskuren na tsohuwa ne. Shaho bai yi ƙarya ba, hayaƙi ya gani. Kyanwa ma ba ta yi ƙarya ba. Tsohuwar ce ta saurari wanda ya riga isowa, daga baya kuma ta huce haushinta a kan rabin idonta. Ni ce tsohuwar yanzu, ba na karatu, gwiwa ba ta kai ni kasuwannin nesa.

Ranar taro mata suka cika ɗakin inji, wasu da goyo. Aka ce in faɗi suna.

Na ce, "Babu wadda za ta tahi."

Aka ɗauki hayaniya. Wata ta ce, "Da mi za ki biya su, Shugaba? Da dussa?"

"Da rabona. A raba musu shi har kaka mai zuwa."

"Ke hwa?"

"Na ci anza ina ƙarama. Ban mance yadda ake jiƙa ta ba."

Na kafa sharaɗi a gaban kowa. Mota ɗaya za su riƙa shiga, tabarma ɗaya. Balkisa ta sa waya a jaka sai kasuwa ta watse, ta zauna ta ga hannun matan da ke ɗaukar leda suna ajiyewa. Ramatu kuma ba kyauta, kuma duk abin da ta ji ta faɗa wa Balkisa a rubuta, ko ya yi mata daɗi ko bai yi ba. Ƙananan ledoji za a gwada a Bonkuku kaɗai, in lissafi ya ce asara ce a bari. Ba wadda ta yi mini godiya.

Sun je sun dawo, har yanzu faɗa suke, sai dai yanzu a kan girman leda ne. Ban san ko inji zai kai damina yana juyawa ba. Mai shagon hanyar Abala kuwa, Balkisa ta kira ta sake kira, wayarsa a kashe. Ramatu ta ce waya ba ta gaisuwa, ƙafa ke yi. Jiya suka zo mini tare, karo na farko bakinsu ɗaya, suka ce za su bi motar kasuwa su gano da idonsu. Na san abin da ake faɗi a kan hanyar nan, na masu bindiga da ke tare motoci. Na so in hana. Na ɗaure musu gari a buhu, na raka su tasha, na tsaya har motar ta fita gari.