Hannun Kawu Ya Soma Rawa

Kawuna mai aski ne tun kafin a haife ni. Kujera ɗaya ce a shagonsa, sai madubi mai tsaga a kusurwa. Ga shi da tsokana: yana gyara maka ƙeya yana tambayarka ko a gaggauce aka ƙera kan naka. Ba mai fushi, domin rezarsa ba ta taɓa yankar kowa ba.

Bara ciwon ciki ya matsa masa, aka ba shi sabon magani a asibiti. Bai jima da fara sha ba hannunsa na dama ya soma rawa. Ya yanki wani a bayan kunne, ya yanki wani a haɓa. Nan take unguwa ta yanke hukunci, wai Kawu ya fara shaye-shaye. Mutumin da ko sigari bai taɓa kai wa baki ba! Wannan ƙazafi ya fi rawar hannun ci masa rai.

Wata ma'aikaciyar jinya, maƙwabciyarsa, ta ce magani kan iya jawo haka, kuma akwai hukumar da ake kai wa rahoto. Kawu ya riƙe maganar gam. So yake wani mai faɗa a ji ya wanke shi.

Na kira masa lambar hukumar. Jami'ar ta saurare shi a tsanake, sannan ta ce, "Baba, duba jikin kwalin, mene ne sunan maganin?"

Babu kwali. Matar Kawu ba ta ƙaunar tarkace. Duk maganin da ya shigo gidan sai ta ɓare shi, ta juye a gwangwani ɗaya, nasa da nata, ta zubar da kwalayen. A asibiti kuwa an nemi katinsa an rasa.

"'Yata, ƙarami ne dai, fari," in ji Kawu.

"Ayya Baba, farare ai suna da yawa. Zan rubuta bayaninka, amma in ba suna, ba abin da za mu bincika."

Na juya zan sauke haushina a kan matarsa, na ga hawaye a fuskarta, sai na haɗiye. Kawu ya daina shan komai daga gwangwanin, amma rawar ba ta tafi ba, tsegumin ma haka.

Yanzu shagon a rufe yake. Jiya na hango shi a shagon wani mai aski yana jiran layi, ya matse hannayensa tsakanin gwiwoyi. Na sauya hanya don kada ya san na gan shi.