Madannan da Dogo Ya Daina Ji

Dogo ya yi shekara goma sha tara yana gyaran inji a masaƙa. A ɗakin injinan ba a magana da baki, sai da hannu da ido, audugar da ake ba su ta toshe kunne kuwa ta fi daɗewa a aljihu. In ya tashi aiki kansa na ƙugi kamar an kife masa tukunya, sai ya ci abinci ya miƙe ƙafa kafin ƙugin ya sake shi.

Fiyano, abin kiɗan nan mai jerin madannai, ya shigo gidansa ne ta hannun wata tsohuwar malamar makaranta da ke zaune a saman benensu. Ciwon gwiwa ya hana ta hawa, za ta koma ɗaki ɗaya a ƙarshen layi, wurin kuma ba zai ɗauki abin ba. Ta ce a ajiye shi a falon Dogo, ita kuma ta riƙa zuwa ranar Asabar tana koya wa autarsa.

Shekarar Auta shida. Sai an ɗora mata filo biyu take kai wa madannai, ƙafafunta na reto. Malama ta ce ta lanƙwasa yatsu kamar ta riƙe ƙwai. Dogo kan zauna bakin ƙofa yana tsokanarta: "Uwata, a hankali, kar ki fasa mana ƙwan nan."

Wata Asabar ya lura in hannunta na dama ya kai can ƙarshe, sai sautin ya ɗauke. Yatsa na sauka, ba abin da ke fitowa. Mai hali ba ya fasa halinsa, ya ɗaga murfin ya haska tocila, ya ga ƙananan gudumomi na bugun waya lafiya lau. Duk da haka ya ce wa Malama madannai biyar na ƙarshe sun mutu.

Ta danna ɗaya tana kallonsa. "Wannan fa?"

"Shiru."

"Baba, ai yana kuka," in ji Auta, "kamar ɗan tsuntsu."

Malama ta rufe littafi, ta ce darasin yau ya isa haka.

Tun daga ranar mahaifinsa ya riƙa faɗo masa a rai. A masaƙar nan tsohon ya ƙare ƙarfinsa, ya fito ba kunne. Yakan wuni a kujera bakin ƙofa, duk abin da aka ce masa sai ya gyaɗa kai yana murmushi, ko da labarin rasuwa ne. Dogo na saurayi a lokacin, maimaita magana na ƙona masa rai. In tsohon ya ce "Me ka ce?" sai ya ɗaga hannu ya ce "Ba komai, Baba," ya wuce. Shekara bakwai suna haka har tsohon ya koma ga Allah.

Rannan matarsa ta yi masa magana daga kicin. Ya ce me ta ce, ta sake faɗa, bai kama ba. Ta leƙo, ta yarfa hannu. "Bar shi, ba komai." Ya duba ya ga a bakin ƙofa yake zaune, ya ji murmushin da ke fuskarsa, bai san lokacin da ya sa shi ba.

Da ya je asibiti, likita ta ce abin da ya tafi ya tafi, sauran ne za a lallaɓa. A masaƙa ya roƙi a mayar da shi sito, inda ba ƙara sai ta fanka. Abokan aiki suka yi ta masa tsiya, wai Dogo ya yi ritaya da ransa. A gida ya zaunar da matarsa ya ce, "Don Allah in na tambaya, ki maimaita, ko sau goma ne." Ta ce to, idonta ya ciko. Wani lokaci tana tunawa, wani lokaci tana mantawa.

Madannan dai ba su tsaya a biyar ba. Ran da Auta ta cika takwas aka sa ta kiɗa a taron makaranta. Dogo ya zauna layin gaba, yana jin hannun hagu na tafiya a natse, na dama kuwa sai dai ya bi shi da ido. Can ya ga kafaɗunta sun ɗaga, ya ga wasu iyaye sun dubi juna. Da aka soma tafi, shi ma ya tafa.

A waje ya same ta tana kuka, wai ta ɓata wuri biyu, kowa ya ji.

"Ni ban ji kuskure ko ɗaya ba, Uwata."

Ta share hanci da bayan hannu. Ta juyo da fuskarta sosai yadda zai ga bakinta, ta ce a hankali, "Ai kai ba ka ji, Baba."

Ya karɓi jakarta ya rataya. Suka kama hanya, tana ta nuna masa da yatsu a iska inda hannun ya zame.